Ƙasar Bakin Rijiya

Filin jirgin sama na Kunming,
9 ga wata na huɗu, shekara ta 33 ta Jamhuriya

Zuwa ga Baffa na Uku, Kanar Duan Wenhuai, a Chongqing.

Baffa, ka taɓa ɗora ƙasa a kan sikeli? Ba buhu nake nufi ba, ɗan abin da yatsu uku za su tsinko. Giram nawa kake tsammani? Kai ka rubuta dokar, ya kamata ka sani.

Na san ba haka ake buɗe wasiƙa zuwa ga babba ba, to bari in koma baya. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, ina gaida uwargidanka da 'ya'yanka, da fatan hazon Chongqing bai kama maka ƙirji ba. Ni lafiyata ƙalau. Inna ma tana nan a ƙauye, sai ciwon gwiwa.

Wataƙila ba ka tuna ni. Ni ne Shoulin, ɗan farin marigayi Duan Wenbao mai awara na ƙauyen Baishu. Kakanka da kakan Babana ciki ɗaya suka fito. Ka gan ni sau ɗaya, shekarar da ka zo sharar kaburbura da takalmin fata. Ni ne mai ɗingishin nan da dutsen niƙa ya faɗa wa a ƙafa; ka ce kaico, ka wuce. In ka ga rubutuna a karkace ka yi haƙuri, ban taɓa zama a aji ba. A jikin tsofaffin jaridun da muke naɗe awara na koya, duk wanda ya zo saye sai ya karanta mini harafi ɗaya kafin in miƙa masa.

Shekara guda ke nan ina aiki a rumfar wasiƙun soja. Tunda Japanawa suka toshe hanyar mota, duk wasiƙar da za ta je wurin sojojinmu da ke Indiya sai ta sama, ta tsallaka manyan duwatsu, kuma ta teburinmu take bi. Mu uku ne a teburin, Saje Tan yana tsaye a kanmu. A bango an manna tsarin da ofishinku ya fitar, sashe goma sha biyu, ga sunanka a ƙasa. Sashe na bakwai ya ce falle ɗaya, takarda marar kauri, ba a saka komai a ciki. A kife ake zubo mana ambulan, don kada mu ga suna mu yi son kai. Ka shafa da yatsa, in ka ji ƙullutu ka tsaga gefe, ka zazzage a kwando, ka manne da kunun shinkafa, ka jawo na gaba.

Ka san abin da ya fi cika kwandon? Ba taba ba ce, ba alewa ba. Ƙasa. Kai ma ɗan ƙauye ne kafin ka zama Kanar, ka san in mutum ya je inda ruwan wurin bai karɓe shi ba, ƙasar gida ake jiƙa masa ya sha. Ja tana zuwa, baƙa tana zuwa, rawaya ta can arewa ma tana zuwa. Kullum Tsoho Feng, abokin aikina, yana juye kwandon a bayan rumfa. Har kabewa ta tsiro a wurin.

Ga abin da ya kawo ni. Ƙanena Shougen ya gudu ya shiga soja bara, ba da yardar Inna ba. A bakin ƙofa ta ce masa, "In ka tsallake dokin ƙofar nan, ɗa ɗaya na haifa." Ya tsallake. Ka san bakin uwa. Bai kai gada ba ta fara kuka. A wata na biyu ya rubuto mini yana kwance a asibitin sansani a Assam ta Indiya, atini da zazzaɓi, wai in roƙa masa Inna ƙasar bakin rijiyarmu. Na aika mata saƙo ta bakin masu alfadarai. Inna ba ta karatu, kuma ba ta jira ta biyo ta hannuna ba. Ta tsinko ƙasar, ta naɗe a farar takarda, ta sa malamin makarantar ƙauye ya rubuta adireshi a bayan ambulan. Ya tambaye ta me za a rubuta a ciki, ta ce ba komai, in ya ga ƙasar ya ji maganata.

Shekaranjiya amsarsa ta zo. Ga ta, ban canza ko harafi ba:

"Yaya, wasiƙar gida ta iso. Na buɗe na ga farar takarda, babu ko ɗigon tawada. Na juya ta, na ɗaga ta a rana. Na gane. Ka ce wa Inna ban yi fushi ba, ai ta faɗa tun a bakin ƙofa. Ba sai an sake ɓata takarda a kaina ba. Na daina karɓar kunun asibiti, ba ya zama a cikina."

Farar takarda, Baffa. Irin wadda muke manna wa ƙofa in an yi mutuwa a gida. Hannun ɗayanmu ne ya zazzage ƙasar, kuma har in mutu ba zan san ko nawa ne ba.

Na rubuta masa bayani a falle ɗaya kamar yadda kuka ce, na jefa a buhu. Amma wanda ya ga farar takarda da idonsa ba zai yarda da yayansa ba, zai ce lallashi ne. Ƙasar ce kaɗai za ta gamsar da shi. Saje Tan ya ce takarda mai hatimin ofishinku ce kawai ke ɗage sashe na bakwai. Guda ɗaya nake roƙo. Tun da Baba ya rasu gidanmu bai taɓa roƙonka komai ba.

Ɗanka,
Shoulin

Chongqing,
26 ga wata na huɗu

Ɗana Shoulin,

Wasiƙarka ta same ni lafiya, sai dai gyambon cikin nan da ya hana ni barkono, wanda kuwa a garin nan daidai yake da hana mutum abinci. Uwargida tana gaishe ka. Ka isar da gaisuwata ga matar ɗan'uwana, ta riƙa gasa gwiwar da gishiri mai zafi.

Na tuna ka sarai. Rubutunka bai kai munin da kake faɗa ba, harshenka ne ke bukatar gyara. Amma na ɗauke shi a matsayin zafin zuciyar ɗan'uwa.

Ka fahimci wani abu. Jirgin da ke tsallaka duwatsun nan yana hawa har inda numfashi ke yankewa, kuma ba duk wanda ya tashi ke sauka ba. Kowane kilo da aka ɗora masa an hana wani kilo ne, na man jirgi, ko na kwinin maganin zazzaɓi, ko na harsashi. Mun zauna wata biyu muna lissafi kafin mu fitar da tsarin. Sojoji dubu nawa, wasiƙa nawa kowanne a wata, giram nawa kowace wasiƙa. In kowace uwa ta ƙara 'yar ƙasa, wata ta ƙara takalmin zane, wata busasshen nama, wa zai tsayar da su? Kuma tsakanina da kai, ƙasa ba ta warkar da atini. Likitocin can sun san aikinsu.

Duk da haka Shougen jininmu ne, sunansa yana cikin littafin dangi a shafin da ke bin nawa. Labarin farar takardar ya tsaya mini a rai. Na ɗauki maganar nan a hannuna. Kada ka yi komai da kanka kafin ka ji daga gare ni, domin wanda aka kama yana fasa ƙwaurin kaya ta jirgin soja, hukuncinsa ba na wasa ba ne, kuma sunan Duan ɗaya ne a kanmu duka.

Baffanka,
Wenhuai

Kunming,
10 ga wata na biyar

Baffa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan cikin ya lafa. Ka gwada kunun gero da safe, shi Baba yake sha. Inna ta gode da maganar gishirin.

Na karanta wasiƙarka sau shida. Da na zo inda ka ce ka ɗauki maganar a hannunka, sai da na fita bayan rumfa don kada Saje ya ga idona. Ka yafe mini kaifin baki. Na janye rabinsa.

Ƙasa ta biyu ta iso, a cikin ɗan bututun gora da aka toshe da kakin zuma. Ban gaya wa Inna abin da ya sami ta farko ba, na dai ce ta ƙaro. Bututun yana cikin rigata, ina jiran takardarka kawai.

Har na samu wanda zai kai mini a ɓoye na ƙi. Akwai wani A-Hoi, mutumin Guangdong, mai ɗaure kaya a cikin jirgi, kwana uku-uku yake tsallakawa. Ya same ni a wurin mai taliya ya ce, "Kai gurgu, me kake runguma a ƙirji kamar mai jego?"

Na gaya masa.

Ya ce, "Shi ke nan? Kawo in cusa a safa. Na san direban motar asibitin, tare muke caca. Wa zai shinshina safata? Ko Japanawa ba su da wannan ƙarfin hali."

Na ce, "In aka kama ka fa?"

"Bulala da ɗaurin wata ɗaya. Na sha wanda ya fi haka a hannun matata."

Na ce masa a'a, Baffana Kanar ne a ofishin da ya yi tsarin, takarda tana tafe da hatimi, ta ƙofa za mu bi ba ta taga ba. Ya ajiye kwanonsa ya miƙe ya sara mini. "Ranka ya daɗe ɗan gidan Kanar, a gafarta wa talaka." Kowa ya yi dariya, har da ni. Tsoho Feng ne kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Shoulin, na yi shekara talatin a gidan waya. Da ni ne, da na ba shi." Na ce masa shi ba shi da Baffa a Chongqing.

Abu ɗaya ke damuna, kuma tunda kai ka san lissafi, ka warware mini. Wasiƙar da na rubuta wa Shougen tana nan cikin buhu a kusurwar rumfa, wata guda ke nan. Sashe na uku ya ce wasiƙa ba ta hawa sai jirgin da aka ware mata, na ranar Talata. Na ranar Talata kuwa an karɓe shi yana kwasar sababbin sojoji. Sauran jiragen suna tashi a kan idona kullum. Suna zuwa daga Indiya maƙil, wannan gaskiyarka ne, har tayoyinsu na lotsawa. Amma in za su koma, me muke ba su? Kuza, da ɗaurin gashin alade da Turawa ke yin burushin fenti da shi. Jiya da kayan bai kai ba, da idona na ga leburori suna loda buhunan yashi goma sha biyu don kada wutsiyar jirgi ta yi sakayau. Yashi, Baffa. Daga bayan rumfarmu suka haƙo shi. Na tsaya da bututun gora a rigata ina kallon ana kai ƙasar Kunming Indiya buhu-buhu.

Na tabbata akwai dalilin da ni ban gani ba. Ina jiran takardar.

Ɗanka,
Shoulin

Kunming,
12 ga wata na shida

Baffa,

Ina gaishe ka. Ina fatan kana da lafiya, domin in ba ka da ita to akwai uzuri, in kuwa kana da ita ban san me zan kira wannan shirun ba.

Kwana arba'in da bakwai da ranar da ka rubuta. Kowace jaka ta zo daga Chongqing ni ke fara kwance ta, har Saje Tan ya fara kirana Mai Jiran Hatimi. Daga Shougen babu ko layi tun waccan. Na ƙara rubuta masa biyu. Buhun ya tashi a ƙarshen watan jiya, bayan ya sha ruwan sama ta ɓular rufi.

Ranar Lahadi haƙurina ya ƙare. Na ja ƙafata har ƙarshen fili ina neman A-Hoi, in ce masa ga bututun, ga wasiƙa, ka cusa inda ka ga dama. Aka ce an mayar da shi garin Guilin tun kwana tara, saboda yaƙin da ya ɓarke a gabas. Wanda ya maye gurbinsa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ni na yi maka kama da gidan waya?"

Ka ce kada in yi komai. Ban yi komai ba. Ban taɓa yi wa kowa biyayya irin wannan ba, ko Baba bai samu ba. Takarda ce falle ɗaya, Baffa, daidai da sashe na bakwai. Hatimin ne ya yi maka nauyi, ko alƙalamin?

Shoulin

Chongqing,
27 ga wata na shida

Ɗana Shoulin,

Wasiƙunka biyu suna gabana. Jikina da sauƙi, amma gidan ba lafiya. Ɗana na biyu, Shouqian, yana cikin rundunar da ke tsaron Changsha, kuma ka ji abin da ya sami garin. Tun farkon wata ba mu ji daga gare shi ba. Uwarsa ba ta ci, ba ta magana. Ban faɗa don in rufe maka baki ba, sai don ka san ba kai kaɗai ke jiran jakar wasiƙa ba.

Na ga ka fahimci maganata ba yadda na nufa ba, kuma hakan ya dame ni. Ban yi maka alkawarin takarda ba. Hatimin ba a wurina yake ba, ba kuma a bayar da shi don mutum ɗaya. Da na ce na ɗauki maganar a hannuna, nufina zan rubuta wa kwamiti a sake duba sashe na bakwai gaba ɗaya. Na rubuta, shafi huɗu, tun ranar uku ga wata na biyar. An sa shi cikin abubuwan da za a duba bayan bikin tsakiyar kaka. A wurinmu wannan sauri ne. Na ɗauka ka san yadda ofis ke aiki. Na manta ba ka taɓa shiga ba.

Maganar yashi. Zan gaya maka don kai ɗana ne, ka bar ta tsakaninmu. Lissafin da muka yi na jiragen da ke shigowa ne, su ne masu nauyi. Da aka zo buga tsarin, sai aka ga doka biyu za ta rikita ma'aikata, ɗaya ta zuwa ɗaya ta komawa, aka ce a bar ta ɗaya. Ina wurin. Ban ce a'a ba. A cikinmu babu wanda ya taɓa tsayawa a filinku ya ga abin da ake lodawa, kuma babu wanda ya kawo maganar ƙasa. Ni da ya kamata in tuna, tawa uwar ta sa mini a aljihu ranar da na tafi makarantar soja, ban tuna ba.

Ka ƙara haƙuri. Shougen matashi ne, jikinsa zai yi faɗa. Ka ƙone wasiƙar nan in ka karanta.

Baffanka,
Wenhuai

Kunming,
30 ga wata na bakwai

Baffa na Uku,

Ina gaishe ka. Ina roƙon kakanni su dawo maka da Shouqian da ƙafarsa, kuma da gaske nake, ba na fatan uwarsa ta ga abin da tawa ta gani. Lafiyata ba abin tambaya ba ce.

Shougen ya rasu ranar ashirin da tara ga wata na biyar.

Wasiƙuna uku sun dawo ɗaure da zare, ba a buɗe ko ɗaya ba. A kife suka zo teburina. Na shafa, ban ji ƙullutu ba, na juya don in jefa a buhun garin Chuxiong, sai na ga rubutuna. Tare da su akwai wasiƙar wani Peng Dayou, mutumin Hunan, wanda gadonsa ke kusa da nasa. Ya ce likita ya yi ta faɗa, wai cutar ba ta kai ta kisa ba in da zai ci abinci. Ya ce sun yi lallashi, sun yi zagi, har wani ya toshe masa hanci aka ɗura masa. In an matsa masa sai ya ce, "Ku ba wanda yake da gida, ni an riga an share ni." Ranar ƙarshe ya tambayi ta ina lardinmu na Yunnan yake, suka juya masa gadon.

A-Hoi ya miƙo mini hannu ranar bakwai ga wata na biyar. Kwana uku safarsa za ta yi a hanya. Ka iya lissafi, Baffa, wata biyu kuka zauna kuna yi. Yi wannan.

An ba ni kwana biyar na je gida. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince waken suya. Malamin makaranta ya riga ya karanta mata takardar rundunar, ta yi kukanta ta gama, ta ɗaura farin zane a ka. Ba ta bari na ajiye kaya ba.

"Ya sha?"

Na ce, "Inna, bari in wanke ƙafa."

"Ƙafar ba za ta gudu ba. Na ce ya samu ya sha? Ta farkon daga gindin dutsen rijiyar na tsinko, ta biyun daga gefen da yake tsayawa in yana jan guga. Ko ɗaya ce ta isa hannunsa, ya san na janye maganata."

Na ce mata hanya tana da nisa, zan bincika.

Ta dube ni ta ce, "Kai da kake aiki a wurin? To bincika. Ni dai ba zan iya kwanciya kusa da ubanku ban sani ba."

Kwana uku na yi a gidan, sau goma sha ɗaya ta tambaye ni. Na yi ta kewaye-kewaye kamar ɓarawo. In ce ya sha, na yi wa uwata ƙarya a kan mamaci. In ce bai sha ba, sai ta ce me ya gani da ya buɗe, kuma daga nan ban san ko za ta ƙara tashi ba.

Ka ce na fahimce ka ba daidai ba. Na yarda. Ni ɗan mai awara ne, a wurinmu in mutum ya ce abu yana hannunsa, to yana hannunsa. Ban san a ofis hannu yana nufin shafi huɗu da jiran kaka ba. Wannan wautata ce, kuma zan ɗauke ta. Zan ɗauki ta teburin ma, ko hannuna ne ko ba nawa ba. Amma ba zan ɗauki taku in haɗa da tawa ba.

Ban ƙone wasiƙarka ba. Na kwafe ta sau uku. Tun ranar da na karanta ta nake ƙirga abin da muke zazzagewa: ambulan ɗari huɗu da sittin da biyu a wata ɗaya, a teburi ɗaya. A cikinsu talatin da takwas babu rubutu ko kaɗan, uwayen da ba sa karatu ne irin tawa. Su talatin da takwas ɗin na ƙi manne su a aika farar takarda kawai. Saje Tan ya ce zai kai ni gaba, na ce ya kai ni, na fi son inda za a tambaye ni da ƙarfi in amsa da ƙarfi. Ya zuwa yau bai kai ni ba. Shi ma yana da uwa a Guizhou.

Ranar sha biyar ga watan bakwai na lissafin gargajiya saura wata guda da 'yan kwanaki. Ka san ranar. Duk dangin Duan za su taru a zauren kakanni, kowane gida ya kawo ƙunshin takardunsa na mamata, a rubuta suna da adireshi a baya kamar wasiƙa, a ƙone a bakin rafi. Bana akwai sabon suna, kuma ni zan rubuta shi. Inna ta riga ta ce a bar mata wuri a cikin ƙunshin, za ta faɗi magana in rubuta, ba za ta sake aika masa abu babu rubutu ba. Haka ta ce, ba ta ma san abin da ta faɗa ba.

A ranar zan gaya mata gaskiya, a gaban kowa, don in ta faɗi a samu masu tare ta. Zan faɗi nawa kason ban rage komai ba: teburin, da safar da na ƙi. Sauran naka ne. Jirgi yana tashi daga Chongqing zuwa nan kullum, kuma na tabbata tsarinku bai hana Kanar kujera ba. Ka zo. Kada ka aiko shafi huɗu, kada ka aiko gaisuwa, kada ka ce in bar ta tsakaninmu. In ba ka zo ba zan karanta wasiƙarka da bakina a zauren, in kai kwafi ɗaya gidan jarida, kuma su buga ko su ƙi, zan manna na ukun a bangon rumfa kusa da sunanka.

Ka tsaya a gaban allunan sunayen kakanninmu, a gaban dattawan Baishu, a gaban matar ɗan'uwanka. Za ta yi maka tambayar da ta yi mini, kalma biyu ce. Ka amsa mata da murya yadda na bayan zaure zai ji. In ka gama, ka gaya wa dangi sunayen waɗanda kuka zauna a ɗakin nan kuka ce a bar ta ɗaya, da dalilin da ya sa ka yi shiru.

Ina jiranka a bakin gada.

Duan Shoulin,
yayan marigayi Duan Shougen